Abin da Ke Kan Wayar Sigina

Alhamis, 19 ga Nuwamba 2009, bayan magariba

Yau siginar nesa ta sauke hannu. Shekara uku muna zuwa gonar nan duk Alhamis, aikin sa kai, yau dai na kama liba a ɗakin sigina na ja, can ƙarshen layin dogo hannun ƙarfen ya sunkuya. Malam Rafi'u yana tsaye a gindinta yana kaɗa mini hula. Da ya tako ya dawo bai ce mini sannu ba, cewa ya yi na cika giris a ƙafafun da wayar sigina ke gudu a kansu, yashi zai manne. Haka yake tun muna reluwe a Zariya ina riƙe masa gwangwanin mai. Ya kusa saba'in, ba iƙama, wato takardar zama a ƙasa, ba haƙoran gaba, amma har gobe ni yaro ne a wurinsa.

Layin dai ba wani layi ba ne. Kakan masu gonar ya shimfiɗa shi don ɗauko dutse daga tsauni, aka bar shi ya ruɓe, jikan ya ga irinsa a Turai ya ce a tayar da shi yaran makaranta su riƙa hawa. Sigina da libobi daga Sudan aka kawo su, tsatsa ta ci rabinsu. Mu huɗu muka rage a masu zuwa. Othman haifaffen nan Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci, a ofishin masu gonar yake aiki, shi ne shugabanmu don shi ke da mota da baki. Ustaz Abdulghaffar tsohon direban jirgi ne daga Atbara ta Sudan, ba ruwansa da kowa sai injinsa. Sai ni da Malam, mu masu waya. Malam a ɗakin da ke ƙarƙashin ɗakin sigina yake kwana da yardar wakilin gona, ranar Juma'a ya koma unguwar Karantina wurin matarsa, Yaya Zinariya.

Othman ya ce bayan Hajji mai gona zai kawo baƙi a buɗe layi. Malam ya ce to shi ba zai koma gida ba sai jajiberin Sallah, yana so ya gama fentin sandar siginar nesa.

Laraba, 25 ga Nuwamba, la'asar

Ruwa tun safe. Ban taɓa ganin irinsa a Jidda ba. Shagon da nake gyaran iyakwandishan a Waziriyya ruwa ya kai gwiwa, kuma ba ruwan sama kaɗai ba ne, duk abin da ke cikin shaddodin unguwa ya fito ya gaishe mu. Na tako gida Nuzla da ƙafa, ina ture ledoji da abin da ba na so in duba.

Na kira Malam da hantsi, ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Da azahar a kashe take.

Alhamis, ranar Arfa, da hantsi

An ce gabashin gari ya fi muni, wajen tsohuwar hanyar Makka. Can gonar take. Motoci a kan motoci, an rufe hanya. Othman ya ce in yi haƙuri, wakili ya ce komai lafiya. Na ce ya ga Malam? Ya ce waya ba ta ji sosai.

Yaya Zinariya ta zo gidanmu, gefen zanenta duk laka. Indo matata ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo shayi, bai shiga bakinta ba. Ta ce mutumin bai taɓa kwana biyu bai kira ya tambayi ko ta sha maganin hawan jini ba. Na ce mata batir ne ya mutu. Bakina ya faɗa tun kafin in yi shawara da shi.

Juma'a, Babbar Sallah, da yamma

Na yi Idi. Ban iya cin nama ba. Garin nan wari yake.

Asabar, 28 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun je da Othman. Ambaliya ta gangaro daga tsauni ta bi kwarin da ya ratsa gonar, ta kayar da katanga ta gabas, ta bar laka a kan layi har ba a ganin ƙarfe. Laka baƙa, mai maiƙo, ƙudaje a kanta kamar an zuba musu.

Ɗakin da Malam ke kwana ya cika har taga. Na hau sama. Fitilun sigina duka suna jere a kan benci, a bushe, ya kwaso su daga ƙasa kafin ruwa ya kai. Rediyonsa na rataye a ƙusa. Ƙaramar diga ba ta nan, gwangwanin jan fenti yana nan.

Wakili ya same mu a can, da hankici a hanci da takalmin roba sabo. Kafin in buɗe baki ya ce ba wanda yake kwana a gonar nan, ba a taɓa yi ba, doka ma ta hana a ajiye mutum marar takarda. Ya ce masu aikin sa kai Alhamis suke zuwa, Alhamis suke tafiya. Othman ya juya mini maganar da Hausa, sannu a hankali, kamar shekara ashirin da na yi a ƙasar nan ban koyi Larabci ba. Na nuna rediyo. Wakili ya ce kayan mutane da yawa ruwa ya kawo. Ruwa ya hau bene ya rataye rediyo a ƙusa.

Da suka sauka na gwada libobi. Na kusa suna motsi, da ƙyar dai. Ta siginar nesa ta taho kaɗan ta tsaya. In waya ta tsinke, liba sakwaf take zuwa hannu. Wannan ba ta tsinke ba, wani abu ne mai nauyi ya danne ta. Wayar tana bin gefen layi ne har kwalbatin da kwari ya bi ta ƙarƙashin dogo, a nan take yin ƙasa. Daga taga ana hango tulin da ruwa ya tara a bakin kwalbatin: katifa, ƙofar mota, firji, rassan itace.

Na mayar da liba. Ban je kwalbati ba.

Lahadi, 29 ga Nuwamba, da yamma

Na ce wa Yaya Zinariya ana nema.

Ita ba za ta iya zuwa asibiti tambaya ba, takardarta ta umara ta mutu tun zamanin da ba a fara wayar hannu ba. Ni na je. Mutane cike a ƙofar ɗakin ajiye gawa, wasu da hotuna. Da layi ya zo kaina mutumin ya tambayi sunan wanda nake nema da lambar iƙamarsa da inda yake aiki. Na ce bari in je in ɗauko. Na fita na tsaya a gindin wata bishiya ina ta tofar da yawu.

Talata, 1 ga Disamba, bayan azahar

Othman ya zo da sabon zance. Wai an ga motar jawazat, jami'an shige da fice, a hanyar ranar ruwa, ƙila Malam ya fito titi aka kama shi, yana can tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Wa ya gani? Wani. Wane wani? Wani dai. A ranar da motoci ke iyo, jawazat sun fito farautar tsoho.

Amma har Karantina ya je da kansa ya faɗa mata, ita kuma ta kama maganar da hannu biyu. Indo ta ce ta same ta tana soya ƙuli-ƙuli da daka yaji, tana neman wanda zai shigar masa da su, tana cewa ai gara haka, ko ba komai yana da rai, in an sauke shi Kano 'yan'uwansa na Zariya za su karɓe shi. Indo tana ba ni labari tana murna. Na tashi na shiga banɗaki.

Alhamis, 3 ga Disamba, bayan magariba

Ranar aiki. Na je. Ban san abin da ya kai ni ba.

An kawo leburori da shebur da baro, an ce su fara daga ƙofar gona zuwa dandamalin da baƙi za su tsaya. Ba a ce su je gabas ba. Ustaz Abdulghaffar ya shiga ƙarƙashin injinsa yana kwashe laka da hannu. Ni na ɗauki kananzir da tsumma na bi waya, ina tono ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, in wanke, in juya, in wuce gaba. Malam ya yi gaskiya, inda na cika giris nan yashi ya fi kamawa. Aikin yana da daɗin da ba na so in ji. In kana goge ƙarfe ba ka tunanin komai.

Na kai wurin kututturen dabino iska ta juyo daga gabas. Na tsaya. Na koma baya na sake wanke waɗanda na riga na wanke.

Da azahar Othman ya kawo shinkafa da kaza, aka baje a kan benci a ɗakin sigina, kusa da fitilun. Iska ta sake juyowa, kowa ya ji. Othman ya ce awaki ne, makiyayan tsauni sun yi asara da yawa. Ya ce yalla, a ci kafin ta huce. Ya yagi cinya. Maiƙo na bin yatsunsa yana lasa, yana bayanin inda za a kafa rumfa da inda za a jera kujeru. Na ci loma biyu. Abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, na ci.

Bayan an wanke hannu ya ja ni gefe ya ce tunda wayar siginar nesa ta maƙale, me zai hana a yanke ta a ja sabuwa ta ɗaya gefen layin, ba sai an taɓa tulin nan ba. Na ce zan duba. Rediyon ba ya kan ƙusa.

Ban je kwalbati ba.

Juma'a, 4 ga Disamba, da safe

Indo ta ce sabulun gidan nan ni kaɗai nake cinye shi. Ta ce me ke hannuna da ba ya fita.

Lahadi, 6 ga Disamba, bayan la'asar

Akwai wani ɗan Agadas da ke kai ruwa tarhil. Yaya Zinariya ta ba shi ƙullin ƙuli-ƙulin da sunan Malam. Yau ya dawo mata da shi, ya ce ya bi ɗakunan 'yan Najeriya yana kira, ba mai wannan sunan, ba wanda ya ga tsoho mai giɓi.

Ta zo ta ajiye ƙullin a tsakar ɗakinmu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam Muntaka, ka duba ko'ina a gonar?"

Na ce, "Inda ake iya dubawa, Yaya."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sai ta ce wa Indo ta raba wa yaran maƙwabta ƙuli-ƙulin kada ya lalace, ta ɗauki mayafinta.

Litinin, da rana

Wani ya kawo iyakwandishan da ɓera ya mutu a ciki. Na buɗe na fita waje na yi amai a gaban kafilina, maigidan da iƙamata ke ƙarƙashinsa. Ya ce in ba ni da lafiya in tafi gida.

Talata, 8 ga Disamba, bayan magariba

Othman ya zo shago ya ce in shigo mota mu yi magana. Ya kunna sanyi, ya rufe gilashi, turarensa ya cika wurin har ina jin shi a maƙogwaro.

Ya ce ranar Asabar katafila za ta zo ta ture tulin bakin kwalbati cikin rami a rufe. Wakili ya shirya. Ya ce in ba na son yanke waya, shi zai yanke.

Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin tulin. Ya ce bai sani ba, ni ma ban sani ba, Allah ne ya sani. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu alhali mota a tsaye take. Sai magana ta ɓalle masa, Hausa da Larabci a cakuɗe. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ubansa, amma har yau iƙama yake sabuntawa, kuma a hannun kamfanin masu gonar take. Shi ya roƙi wakili a bar Malam ya riƙa kwana a can, don ya ga tsohon yana shan wahalar mota. In aka ce an samu marar takarda a gonar, wakili zai nuna shi, mai gona zai ce bai san zancen ba.

"Ya ammi, 'ya'yana biyar, ba wanda ya san hanyar Kano. Ko gaisuwa da Hausa ƙaramar ba ta iya ba. Ina zan kai su?"

Ya ce ni ma in tuna iƙamata ta gyaran sanyi ce a Waziriyya, ba ta ce in taɓa ƙarfe a gonar wani ba, ko da kyauta. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, ƙasa duk ta Allah ce, halas, shi ke nan.

Ba ƙarya ya yi ba a kan 'ya'yansa. Na san su, ƙaramar tana kirana jaddi, wato kakana. Da ƙarya ya yi da abin ya zo mini da sauƙi. Na buɗe ƙofa na fita, ya kira ni ban juya ba. Na tsani turarensa, na tsani wakili da hankicinsa, na tsani jikan da ke son wasan jirgi. Na zo kan kaina kuma na ga ba ni da bakin magana.

Laraba, da yamma

Na kira Ustaz Abdulghaffar na ce gobe ya zo da wuri, ya taho da shebur. Bai tambayi dalili ba. Ya ce tun makon jiya yake jira in kira.

Alhamis, 10 ga Disamba, bayan la'asar

Mun isa rana na fitowa, leburori ba su zo ba tukuna. Muka ɗaura tsumma a hanci muka bi waya, muka wuce kututturen dabino.

Mun janye ƙofar motar, mun mirgina firjin. Akuya akwai, har biyu, Othman bai yi ƙarya duka ba. Katifar ta sha ruwa ta yi nauyin mutum uku, sai da muka yanka ta. Ina bin waya da hannu cikin laka, inda ta yi ƙasa ina tonawa, Ustaz yana kwashewa. A bakin kwalbatin shebur ya taɓa ƙotar ƙaramar diga.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Sifanar da yake ɗaurawa da igiya a ƙugu tana nan. Ko ya je buɗe wa ruwa hanya ne don kada ya ci layi, ko gudu yake yi ruwan ya cim masa, ban sani ba, ba kuma wanda zai gaya mini.

Ustaz ya warware rawaninsa, farin nan mai tsawo irin na mutanen Sudan, ya rufe shi. Muka tsaya muka yi abin da ya sawwaƙa na addu'a. Kansa ba rawani sai ya zama wani ƙaramin tsoho mai sanƙo, yana kuka ba sauti.

Wakili ya iso da Othman. Wakili ya tsaya nesa, ya yi salati yadda ya kamata, sannan ya ce katangar gabas ai ta faɗi, daga nan zuwa wajen gona ba nisa. A ɗauke shi a katifa a ajiye a cikin kwari, sai a kira ma'aikatan ceto. Za su ɗauke shi, za a yi masa sutura kamar kowa, ba wanda zai shiga uku. Ya ce ai ladan ɗaya ne. Na tambaye shi da wane suna za a rufe shi. Ya ce akwai da yawa da ba a san sunansu ba.

Na dubi Othman. Takalminsa yake kallo.

Na ciro waya, hannuna duk laka har lambobin ba sa dannuwa, na goge a riga na kira. Na faɗi inda muke, na faɗi sunana, na faɗi sunan Malam da na mahaifinsa. Wakili ya juya ya tafi yana tasa wayar.

'Yan ceto sun zo da 'yan sanda. Wakili ya ce ruwa ne ya kawo shi daga sama, ba su san shi ba. Ustaz ya ce shekara uku yana shan shayinsa. Jami'in ya juya ga Othman ya tambaye shi ko ya san mamacin. Othman ya ce, da Larabcinsa mai kyau irin na 'yan gari, masu sa kai suna da yawa, suna zuwa suna tafiya, ba zai iya tuna kowa ba.

Sun karɓi iƙamata, sun ce kafilina ya zo.

Juma'a, 11 ga Disamba, da hantsi

Ni da Indo muka je Karantina. Yaya Zinariya tana wanke tukwanen da take sayar da abinci a ciki. Da ta gan mu tare ta ɗauraye hannu ta zauna a kan turmi. Na faɗa mata. Ta yi innalillahi, ta tambaya ko an rufe shi da wani abu, na ce da rawanin Ustaz. Ta ce Allah ya saka masa.

Can ta ce tun ranar da na dawo daga gonar na kasa haɗa ido da ita ta sani, ƙuli-ƙulin ma don ta samu abin da hannunta zai yi ne. Ta ce, "Me ya hana ka tun ran nan?"

Indo ta juyo ta dube ni. Yaya ba ta sake tambaya ba.

Litinin, 14 ga Disamba, bayan azahar

An ce ba za a ba da shi ba sai wani nasa ya zo ya shaida. Maganata ba ta isa ba, ni ba ɗan'uwa ba ne. Matan unguwa sun taru a kanta suna cewa kada ta je, in ta shiga ofishin nan ba takarda ta san inda za ta ƙare. Wata ta ce ai mamaci ba ya jin sunan da aka rubuta masa.

Ta sa baƙar abayarta ta ce in raka ta. A gaban jami'in ya ce iƙama, ta ce babu, ta zo ne ta faɗi ko wane ne mijinta. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce ta san abin da hakan ke nufi? Na fassara mata. Ta ce ta sani. An ɗauki hoton yatsunta. Ya ce za a bar ta har a yi jana'iza, bayan nan ta kawo kanta tarhil, ni ne lamuni, ni da ba ni da tawa takardar a hannu.

A mota na ce mata da ta bari mun nemi wata hanya. Ta ce, "Tare muka zo. In ban koma da shi ba, ai in san inda na bar shi."

Alhamis, 17 ga Disamba, da safe

Alhamis ta farko da hanya a buɗe amma ban je ba. Na tashi da wuri kamar kullum, na zauna a bakin gado.

Kafilina ya karɓo iƙamar jiya, ya jefa mini ita a kan tebur. Ya ce ya ɗauki mai gyaran sanyi, ba mai tonon gawa a gonar manya ba, in ta ƙare ba zai sabunta ba. Tun ranar Juma'a maganar Indo da ni ba ta wuce ga abinci, ga ruwa.

Ustaz ya ce an ɗage buɗe layi zuwa sabuwar shekara. Katafila ta zo ta share wurin. Za a ɗaure hannun siginar nesa a sunkuye da igiyar ƙarfe, baƙi ba za su gane ba. Wakili yana nan. Othman yana nan. Shi Ustaz ya kwaso kayan aikinsa.

Lahadi, 20 ga Disamba, bayan la'asar

An yi jana'iza bayan azahar. Mutanen Karantina sun zo da yawa, har waɗanda ba sa fita titi da rana saboda jawazat. Gobe da safe zan kai Yaya Zinariya tarhil. Ta raba tukwanenta, jaka ɗaya ta ɗaure.

Muna tsaye a sahu wani ya kutso ya tsaya a damana. Tun kafin in juya na ji turaren. Na matsa hagu, Ustaz yana can ba wuri. Liman ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa. Kafaɗarsa ta taɓa tawa, haka muka yi kabbarori huɗu.

A maƙabarta aka ce mutum biyu su sauka su karɓe shi. Ustaz ya tsufa, ni gwiwata ba ta lanƙwasuwa tun ranar tonon. Kafin a sake magana Othman ya cire takalmi ya sauka da farar rigarsa, shi da wani ɗan Karantina. Shi ya karɓi wajen kai, ya kwantar da shi ya fuskantar da shi alƙibla, ya jera tubali, ya liƙe da laka da hannunsa. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda aikin ke buƙata. A wurin ba wanda ya san abin da Othman ya faɗa wa jami'i sai ni da Ustaz. Na ji wani a bayana yana cewa Allah ya yi wa wannan bawa albarka.

Ɗan Karantinan ya dafa ya haye. Othman ya gwada, gefen ramin ya zube masa. Ya ɗago hannu yana neman wanda zai ja shi, ni ne a bakin ramin. Ya ga ni ne, ya fara sauke hannun.

Na kama na ja shi. Laka ta shafe ni har wuyan hannu. Ya buɗe baki zai yi magana, na sake shi na ɗebi ƙasa na zuba wa Malam.